Jar Fata a Ƙafar Farar Shamuwa

Shekaranjiya da hantsi wani ya cinna wa ciyawar bayan ganuwa wuta, ƙaurin ya biyo iska har cikin ɗakina. Ina zaune ina kaɗi, sai na ga mazarin a ƙasa, ban san lokacin da na ajiye shi ba. Ku in kun ji ƙaurin ciyawa toshe hanci kuke yi ku wuce. Ni kuwa in na ji shi sai in ganni 'yar shekara takwas, ƙafafu duk kaushi, ina bin bayan kakana a bakin kogi muna leƙen tsuntsaye kamar waɗanda ba su da aikin yi.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu. Mahaifina ya tafi aikin Hajji ina 'yar shekara huɗu. Ya bi ayarin da ya yi gabas ta Barno, a ƙafa, kamar yadda kowa yake tafiya. Shekarar farko wani falke ya ce ya gan shi lafiya lau, daga nan kuma shiru. Gidanmu a nan Birnin Kudu ya rage daga ni sai Inna, wato mahaifiyata, sai kakana na wajen uba, sai wata gwaggona da ke sashenta.

Da aka gama girbin shekara ta huɗu, kawuna, yayan Inna, ya zo daga Gwaram. Suka zauna a zaure da kakana, ni kuma na laɓe a bayan zana, don tun ina ƙarama kunnena ya fi ni girma. Na ji kawu yana cewa, "Malam, mun yi haƙuri iyakar haƙuri. In girbin baɗi ya zo babu labari, zan kai ta gaban alƙali a warware, in tafi da ita gida. Yarinya kuwa taku ce, ba za mu taɓa ta ba." Ban gane zancen alƙali ba, amma na gane na ƙarshen sarai. In mahaifina bai aiko ba, Inna za ta tafi, ni kuma a nan za a bar ni. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Kakana malamin allo ne, yana da 'yan ɗalibai daga unguwa. Mutum ne mai tambayar tsiya. In ya ga tururuwa ta ɗauki ƙwaya, sai ya bi ta ya ga inda za ta kai. Yana kirana Amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Akwai wani dattijo a garin da Allah ya nufa ya je Makka ya dawo, kakana kuwa ba ya gajiya da yi masa tambayoyi. Wata rana dattijon ya ce a can gabas, bakin wani babban kogi, ya ga fararen shamuwoyi suna wucewa a sama tun hantsi har azahar ba su ƙare ba. Wani da ya ji sai ya ce ikon Allah, ya tashi ya kama gabansa. Kakana kuwa ya dawo gida da maganar a ransa.

Da ɗari ya sauka sosai, wata safiya ya tsaya a tsakar gida da sandarsa ya ce, "Amarya, ɗauko mayafinki, za mu gai da baƙi." Na ɗauka gidan wani za mu. Sai ga mu mun fita ƙofar gari, lokacin ma mai tsaron ƙofa bai gama jin ɗumin wutarsa ba.

Kullum hanya ɗaya muke bi. Mu fara shiga kurmi, inda kanya da tsamiya da ɗorawa suka haɗa kai, ƙasa duk busasshen ganye. A nan ya koya mini tafiya. Ni da na saba tafiya fagam-fagam, sai ya ce in riƙa sa ƙafa inda ya ɗauke tasa, in kuma rufe bakin nan nawa. Rufe bakin ya fi wuya. Amma da na iya, sai kurmin ya fara nuna mini abin da yake ɓoyewa. Ga cilakowa tana tashi tana sauka a iska kamar mai jin barci. Ga tsirya kore shar, garke guda, suna ta ihu a kan kanya suna zubar da fiye da abin da suke ci. Ga ragon maza a cikin sarƙaƙiya, yana kuka kamar ana tsiyayar ruwa daga gora. Makwarwa kuwa ba ta da mutunci, sai ka kusa taka ta sannan ta tashi fir, ta bar ka da faɗuwar gaba. Duk waɗannan kakana ya ce 'yan gari ne, rani da damina suna nan, ba su muka zo gani ba.

Daga kurmi sai mu gangara kogi. A wannan lokacin ruwa ya janye, sai yashi da kududdufai, tururi yana tashi a kansu. Yashin yana da sanyin da har cikin haƙori kake jinsa. Mukan kwanta rub da ciki a bayan wata gaɓa mu leƙa. Zalɓe yana tsaye shiru kamar an kafa shi, gauraka suna taƙama da tukkunsu, kirinjijiya sun jeru a bakin ruwa suna feɗuwa. A cikinsu kuma akwai waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu, suna gudu-gudu a bakin laka suna kaɗa gindi. Na tambaye shi sunansu, ya ce bai sani ba, ya kuma tambayi masunta su ma ba su sani ba. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, don ni a lokacin na ɗauka babu abin da ba shi da suna, kuma babu sunan da kakana bai sani ba.

"Kin taɓa ganinsu da damina?" in ji shi.

Na ce ban taɓa ba.

"To ina suke zuwa?"

Na ce watakila shiga rami suke kamar kwaɗi. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ma yana yaro haka ya zata, har ya tona bakin kogi ya sha dukan ubansa.

Ƙarshen tafiya shi ne dutse. Mu hau a hankali, shi yana nishi ni ina tsokanarsa, mu zauna inda rana ta fara ɗumama falalen. Akwai wani dutse a wurin mai ƙara in an buga shi, hannuna kullum yana ƙaiƙayi, shi kuma ya hana, wai zan kore masa kazar dutse. Daga can sama kana ganin fadama gaba ɗayanta. A nan na fara ganin farar shamuwa, wadda tsofaffi suke kira galantoyi. Ta fi baƙar shamuwar da muka sani girma, jikinta fari, bakin fukafukan baƙi, baki da ƙafafu ja wur. In makiyaya sun ƙone ciyawa sai su sauko su bi bayan wutar suna tsintar fara, a natse, kamar mata masu kalar gyaɗa.

Ya ce in duba da kyau. Baƙar shamuwa da damina take zuwa, ta yi sheƙa a kan tsamiyar masallaci, kowa ya ga 'ya'yanta. Farar kuwa ba wanda ya taɓa ganin sheƙarta ko ƙwanta. Ke nan tana da wani garin, kuma mutanen wannan garin suna ganin tasu ce. Ya ce ya sha ganin tashinsu in zafi ya fara, sukan yi ta kewayawa har su zama ɗigo, sannan su miƙa gabas da ɗan karkata arewa. Ni dai abin da ya dame ni shi ne ko a can ma ana cin tuwo, ko su ma suna da kaka mai tambaya. Na daɗe ina juya wannan a raina, har nakan manta da zancen kawu na ɗan lokaci.

Sai da muka yi kusan wata muna wannan yawo sannan ya gaya mini nufinsa. Ya zaro wata 'yar jar fata daga aljihu, ba ta fi gaɓar babban yatsa ba, an ɗinke ta ta kowane gefe. Shi ya ɗinka da kansa, don ya ce in ya kai wa baduku gari zai ji. Ya ce wasiƙa ce a ciki zuwa ga mahaifina. Ayarin gabas ba zai tashi ba sai bayan girbi, lokacin kuwa an riga an tafi da Inna. Tsuntsun nan shi kaɗai ne matafiyin da zai bi wannan hanya kafin nan. Na ce ya karanta mini, ya ce an riga an ɗinke, kuma zancen manya ne. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada a yi masa dariya, kada kuma a sa wa Inna rai.

Muka kafa zargen igiyar rama a wurin da aka ƙone, muka zuba fara. Safiya ta huɗu wata ta sa ƙafa. Ya lulluɓe ta da rigarsa, ni kuma ya ce in riƙe bakin da hannu biyu kada ta cire mini ido. Har yau ina jin ɗumin jikinta da yadda zuciyarta take bugawa a gefen hannuna. Ya ɗaura fatar a ƙafarta ta hagu, ya yi bismilla, ya sake ta. Ta yi taku uku ta tashi. Muka tsaya muna kallonta, bakinmu har kunne. Ba mu lura da wani mai lambu da ke ban ruwa da jigo a tsallake ba, shi kuwa ya ga komai.

Kun dai san abin da ake nufi in an ga mutum ya ɗaura wa tsuntsu laya ya sake shi. Kurciya ke nan, asirin da ake yi don mutum ya bar garinsu ya yi ta yawo, duk inda tsuntsun ya yi shi ma ya bi, ba zai ƙara tuna gida ba. Kakana da duk tambayoyinsa, bai tambayi kansa wannan ba. Kafin azahar gari ya ɗauka. Kafin la'asar an gano wanda aka yi wa, an ce ai ɗansa ne, shekara huɗu ke nan yana sabuntawa. Har dalili aka samo, wai don ya riƙe gonar ɗan. Mutanenmu in sun samu zare, kafin ka juya sun saƙa riga.

Inna a bakin rijiya ta ji. Ta dawo ta sauke tulu, ta ja ni ɗaki, ta durƙusa har idonmu ya daidaita.

"Kin gani da idonki ya ɗaura?"

Na ce na gani, har ni na riƙe bakin. Na ce amma wasiƙa ce zuwa ga Baba.

"Kin ga abin da ke ciki?"

"A'a."

"Ya karanta miki?"

"A'a."

Ta sake ni ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ni ce na kai ƙarar kakana, alhali gaskiya kawai na faɗa.

Tsakanin suruki da matar ɗa akwai kunya, shekara da shekaru ba su taɓa haɗa ido ba. Duk da haka kakana ya zo ƙofar ɗakinta da yamma, ya tsaya ya ba ta baya, yana magana da garu. Ya ce wallahi wasiƙa ce. Ya ce ɗansa ne, shi ya haife shi. Inna ta ce a hankali, "Baba, ni ban taɓa jin an aiki tsuntsu ba sai a wancan aikin." Ba shi da abin nunawa, shaidarsa ta tashi sama.

Ba a jira girbi ba. Inna ta aika wa kawu, ya zo kafin ruwan farko. Ana gobe za su tafi ta zaunar da ni ta yi mini kitso ƙanana, ta ja sosai don ya daɗe. Da safe na bi jakinsu har ƙofar gari ina ihu, gwaggona ta kama ni ta rungume. Abin da aka yi don Inna ta zauna, shi ya tafi da ita tun kafin lokacin da kawu ya yanka.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi shakkar kakana. Damina guda ban ce masa tsoho mai ran ƙarfe ba, in ya ce Amarya sai in kau da kai. Nakan kwanta in yi ta tunanin me ya sa bai karanta mini ba. Ɗalibansa suka ragu, iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa bai ƙara rantsuwa ga kowa ba, ya ci gaba da nomansa.

Da ɗari ya dawo sai na ga ya ɗauki sanda da safe, bai kira ni ba. Kwana biyu ina kallonsa yana fita. Ran na uku na ɗauki mayafi na bi shi daga nesa. Ba don na huce ba, so nake in ga ko sun dawo, in kuma sun dawo wace ce a cikinsu ta san abin da ban sani ba. Ya san ina bayansa, don ya rage sauri, amma bai waiwayo ba.

Sun dawo. Muka yi kwanaki muna duba ƙafafu, shi idonsa ya fara rauni, nawa kuwa kamar na shaho. Na san za ku ce tsohuwa ta fara ƙari, ku faɗa, ni dai na gani. Wata safiya a ƙonannen fili na hango ɗaya da wani ƙulli a ƙafar hagu. Jan ya koma baƙi, amma yana nan. Na kama rigarsa na ce, "Tsoho, ga ta can!" Wannan ce magana ta farko da na yi masa da son raina tun tafiyar Inna.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna kafa zarge. Muka kama biyu waɗanda ba ita ba muka sake. Da ta shiga zargen, ya yanke igiyar fatar, ya shafa bayan tsuntsuwar ya sallame ta. Ya juya fatar ya ga ɗinkinsa yana nan yadda ya yi shi, ba wanda ya taɓa. Ta je inda take zuwa ta dawo, ba a buɗe ba. Ya daɗe yana kallonta, na ga hawaye a gemunsa. Ni kuwa murna nake yi, na ce ya farke mu gani. Ya ce a'a, in ya buɗe a nan za a ce ya musanya. A gaban Inna za a buɗe.

Muka bi 'yan kasuwa zuwa Gwaram, kwana biyu a hanya, ni a kan jaki shi a ƙasa. Duk hanyar ina shirya yadda za mu dawo mu uku, har na yanke cewa ni zan sauka in bar wa Inna jakin. Kawu ya karɓe mu ba yabo ba fallasa. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya aika aka kira limamin unguwarsu, ya kuma aika aka kira Inna, ta zo ta zauna a bayan ƙofar zaure ta ciki. Ban tsaya tambayar me ya sa sai an aika wani gida kafin ta zo ba.

Liman ya duba ɗinkin ya nuna wa kawu, sannan ya farke da aska. Takardar ta yi laushi, amma tawadar tana nan. Ya karanta da ƙarfi. An fara da roƙon duk wanda ya kama tsuntsun, don Allah kada ya yanka shi, ya kuma nemi wani mutumin Birnin Kudu cikin masu tafiya Hajji, aka faɗi sunansa da kamanninsa. Sannan aka ce, "Ka gaya masa ubansa yana raye. Ka gaya masa matarsa ta jira shi shekara huɗu, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya, kuma ita ce ta riƙe gidan. Ya dawo kafin girbi. In ba zai iya ba, ya aiko mata da takardarta, kada ya bar 'yar mutane tana jiran abin da ba zai zo ba. Amma in yana da sauran tausayi ya dawo, don 'yarsa ba za ta iya rabuwa da uwarta ba."

Liman ya naɗe takardar. Sai muka ji kuka daga bayan ƙofa. Inna ta ce, "Baba, ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini." Kakana ya ce ba ta yi masa komai ba, shi ne ya aiki wanda ba ya magana.

Na ruga na faɗa jikinta na ce, "To Inna, tashi mu tafi gida." Ta riƙe ni da ƙarfi har ina jin zafi. Alƙali ya riga ya warware, ta gama idda, an ɗaura mata aure wata biyu kafin zuwanmu. Ita da bakinta ta gaya mini, ba ta bar wa kawu ba. Muka koma mu biyu yadda muka zo, ni a kan jaki.

Mahaifina bai dawo ba, har yau ban san inda kabarinsa yake ba. Inna nakan je mata duk shekara har ta rasu, ta kuma riƙa aiko wa kakana daddawa har ƙarshen ransa. Yanzu an nome fadamar nan har bakin ruwa, kurmin ma saura kaɗan, fararen shamuwoyin sai jefi-jefi, kuma har na tsufa ban samu wanda ya gaya mini garinsu ba. Wannan duk na haƙura da shi. Abin da ban haƙura da shi ba, bara na ji wata tana yi wa ɗanta faɗa a bakin rijiya, tana cewa ya kiyayi gidan malamin nan da ya yi wa ɗansa kurciya. Ba ta taɓa ganinsa ba, ba a ma haife ta ba lokacin da ya rasu. Zancen mai lambu gari guda ya ji shi, yana nan yana ta haihuwa. Takardar kuwa mu biyar muka ji an karanta ta, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni kaɗai, shi ya sa na zaunar da ku.